Yadda ake rubuta labarin soyayya na tarihi daga Gaya har ya zama littafi

In kika gaya wa mai sayar da littattafai a Kano cewa ke ƴar Gaya ce, zai ɗauka Gayar bayan Wudil kike nufi. Sai kin yi masa bayani cewa akwai wata Gayar a jihar Dosso, a bakin Kwara, tana kallon Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba kuma na nan kusa ta wajen Nijeriya. Ba laifinsa ba ne. Littattafan soyayyar da yake sayarwa, jarumarsu ko dai tana Nasarawa ta Kano, ko Abuja, ko ta tafi karatu Dubai. Mu ma nan su muke karantawa a waya har dare ya raba. To ke da kike son rubuta naki, kuma kike son ki mayar da shi zamanin kakanni, ga hanyar da nake ganin ta fi ɓullewa.

Kafin ki raɗa wa jarumarki suna, zaɓi shekara. Da yawa masu rubuta labarin da, sai su ce "a wani zamani can baya", daga nan komai ya halatta: aljanu, takubban zinariya, fadar da ba a taɓa ginawa ba. Wannan tatsuniya ce, kuma tana da matsayinta, amma ba ita muke magana ba. Ƙasar Dandi ba ta rasa shekarun da za a kafa labari a kansu. Akwai 1591, lokacin da rundunar Maroko ta karya Sanwai a Tondibi, zuriyar Askiya ta gangaro Dandi. Akwai 1849, da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa suka yi wa Gwandu tawaye, rigimar ta ja Dandi da Arewa da Zabarma. Akwai 1899, shekarar da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa. Akwai ma 1958, da aka buɗe gadar Gaya da Malanbil. A ganina 1591 ta yi nisa ga mai fara rubutu, don babu tsohuwar da za ta iya gaya miki abin da ake ci a lokacin. Tsaya tsakanin tawayen Kabi da zuwan Nasara. Abin da ya faru a wannan tsakanin, har yanzu akwai burbushinsa a bakin mutane.

Sai jaruma. A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Da an ce mace mai ƙarfin hali, sai a aro takobin Amina ta Zazzau a rataya mata, a ɗora ta a kan doki. Ko kuma a koma wa Sarauniyar Lugu, can wajen Dogondutsi, wadda ta tari rundunar Faransa a 1899. Ita kam an riga an yi mata aiki: Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Ki karanta, ki kalla, ki ga yadda aka ɗinka tarihi da ƙirƙira wuri ɗaya, amma kada ki sake haifo ta da wani suna. Matan ƙasar nan da suka riƙe gidaje da kasuwanni ba da takobi suka riƙe su ba. Akwai masu dafa gishiri a kwarin Foga. Akwai matan da ke bin ayarin fatake zuwa Gwanja, suna girki a zango suna ƙaramin fataucinsu a gefe. Akwai jajis ɗin Nana Asma'u, waɗanda ke jagorantar ƴan taru daga ƙauyuka su je ɗaukar karatu su dawo su koyar. Ba wa jarumarki sana'a tukuna. Mace mai sana'a tana da abin da za ta yi asararsa, tana da kuɗin da za ta ce a'a da su, kuma tana da dalilin fita daga gida ba tare da marubuciya ta ƙirƙiro mata ƙarya ba.

Sana'ar kuwa ba a koyonta a intanet. Na taɓa zama da wata tsohuwa da ta yi ƙuruciyarta a wajen gishiri. Na je da littafi da biro, na jera tambayoyi kamar mai ƙidayar jama'a.

"Iya, wane sarki ne yake mulki a lokacin kakarki?"

Ta dube ni, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Ɗiyata, ni ina ruwana da sarki? Tambaye ni itace."

Na ajiye biro. Sai ga labari ya zubo: yadda ake kankare ƙasa mai gishiri da rani, a tara ta, a zuba ruwa ya tsiyaye, a ɗora ruwan a wuta, yadda itace ke ƙarewa kafin gishiri ya kama, har mata su yi faɗa a kan ƙirare, yadda hayaƙi ke cin ido, tafin hannu ya tsage. Ta buɗe mini hannunta na gani. Ta ce yarinyar da ta iya tsaron wuta har asuba ba ta rasa manemi, don uwar miji ita take fara gani. Wannan jimla ɗaya ta fi mini shafi ashirin na rahoton kwamanda. Saboda haka in za ki je wurin tsofaffi, ki tafi da goro, ki bar tambayar sarauta sai ƙarshe, ki nemi izini kafin ki kunna rikoda a waya. Kuma ki je sau uku. Zuwan farko gaisuwa ce kawai.

Bayan baki sai takarda. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da ke tattara tarihin baka, akwai IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, akwai gidan ajiyar takardun ƙasa. A tsallake kuma akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu, da na Waziri Junaidu a Sakkwato. Rahotannin Turawan mulki suna da amfani wajen shekara da sunan gari da haraji, amma ki tuna wanda ya rubuta su ta bakin tafinta ya ji komai, kuma da wuya ya tambayi mace. Babban amfanin wannan bincike shi ne ya hana ki abin kunya. Kada jarumar 1860 ta ƙyasta ashana, ko ta kwana a ɗakin kwano, ko saurayinta ya ba ta jika biyar. Kuɗinta wuri ne, ana ƙirga shi da zambar. Goro a huhu yake zuwa. Labari da ƙafa yake tafiya, ko a kan jaki, ko a jirgin ruwa. Af, wannan na ƙarshen ma kin gan shi da idonki: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gada, mutane sun koma ƙetare kogi da kwalekwale. Duk wadda ta tsaya a bakin ruwa a wancan lokacin ta ga cinikin kuɗin fito da tsoron masu goyo, ta riga ta samu babi guda.

Yanzu soyayyar kanta. Ki sa masoyan su fito daga ɓangarori biyu na wani abu da ya raba mutane da gaske: ɗan madugu Bahaushe da ƴar Kyangawa mai gishiri, ko ɗan garin da ke bin Gwandu da ƴar garin da ke bin Argungu. Shi yana zuwa sau ɗaya a shekara tare da ayari, in Allah ya sa hanya lafiya. Ita kuma an riga an yi mata baiko. Ba kya buƙatar muguwar kishiya mai bin bokaye. Nisan Gwanja kaɗai ya isa mugu. Sannan ki kiyaye bakinsu. Budurwar wancan zamani ba za ta tsaya tana zuba kalaman da ake turawa a WhatsApp ba. Kunya ce ke riƙe da zance, saƙo ta bakin ƙawa ko ƙanwa yake bi, toshi kuma yana magana fiye da baki. Idan ta mayar da goron da wanda aka yi mata baiko da shi ya aiko, gari duka ya ji abin da ta ce. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: babban hukuncin da zai juya labarin, ita za ta yanke shi, kuma ta biya kuɗinsa. In saurayi ne ya zo ya cece ta a babin ƙarshe, to littafinsa kika rubuta.

Wajen rubutu, ki yanke shawarar Hausar da za ki bi tun shafin farko. Mu a Nijar muna rubuta ƴ, a Nijeriya 'y suke sawa; ɗauki ɗaya ki zauna a kai. Bayanin marubuciya ya tafi da daidaitacciyar Hausa don mutumin Kano da na Kumasi su bi ki, amma ki bar mutanen labarin su yi magana da harshen bakin kogi, har da ɗan Dandanci nan da can inda ma'ana za ta fito da kanta. In kin gama, ki karanta wa mutum biyu da babbar murya: tsohuwar da ta ba ki labari, da ƴar lakwal mai saurin gajiya. Inda ta farko ta ce "ba haka ake yi ba", gyara. Inda ta biyu ta ɗauki wayarta, yanke.

Saura fitarwa. Matan da suka riga ki ba su jira kowa ba. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, amma da tattalin arziki ya karye, marubutan Kano da kansu suka riƙa kai aikinsu maɗaba'a suna biya. Ta haka littattafan Balaraba Ramat Yakubu da na Bilkisu Funtuwa suka shiga gidaje, har Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba ya kai ga fassarar Turanci da aka buga a Indiya a 2012. Dabararsu ita ce raba littafi kashi-kashi, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Yau waya ta gaji wannan dabara: a saki babin farko kyauta a Wattpad ko rukunin WhatsApp, sauran a biya. Ki yi haka, amma da sanin cewa duk abin da ya shiga rukuni ya fita hannunki. Gobe za ki iya jin wani yana karanta shi a YouTube ba da izininki ba. Don haka ki fara kai aikin hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA a Yamai. Ki kuma gutsuro wani yanki ki mayar da shi gajeren labari don gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi wa mata tun 2016. Ko ba ki ci ba, kin koyi datse zance.

Na takarda kuma hanya biyu ce. Ko ki nemi masu buga littattafan harsunan gida a Yamai, irin su Gashingo, musamman yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Ko ki bi ta Kamba ki kai Kano, inda masu bugu da dillalai suka fi yawa. In Kano ce, ki sani jihar tana da hukumar tace fina-finai da ɗab'i, ki tambayi ƙa'idarta kafin ki zuba kuɗi. Ki fara da kwafi kaɗan, ki yi yarjejeniya a rubuce, kuma kada ki yarda a buga sai kin ga gwaji a takarda. Ni na yarda da "kada ki damu, Hajiya" a wata maɗaba'a, injinsu ya cinye duk ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ. A shafin da jarumi ke kare masoyiyarsa a gaban dattawa yana cewa "ƙarya ce", sai ga shi ya fito yana cewa "karya ce". Kwafi ɗari uku, na bi su ɗaya bayan ɗaya da biro.

In littafin ya iso tashar Gaya a kwali, kafin ki kai wa masu shago ko gidan rediyo, ki cire kwafi ɗaya ki kai wa tsohuwar nan. Ba za ta iya karantawa ba, sai ki zauna ki karanta mata babin gishirin.