Darasi na 14: Waƙar Ƙarfafa Zuciya

Gabatarwa

A darussan da suka gabata mun yi nazarin waƙoƙin wa'azi da na ilimi da na siyasa, inda marubuci yake fuskantar jama'a yana yi musu jawabi. A wannan darasi za mu duba waƙar da marubuci yake tsarawa a kan abin da ke cikin ransa, kamar tsoro da kunya da fushi da buri, sa'an nan ya nemo abin da zai ƙarfafa kansa da mai karatu.

Shekarun da kuke ciki shekaru ne na sauye-sauye. Jiki yana girma, murya tana canzawa, kuma maganar da ba ta kai ta kawo ba takan hana mutum barci. Hausawa suna cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, wato ya kamata mutum ya iya riƙe sirri. Wannan gaskiya ne, amma akwai damuwar da idan ta daɗe a ciki takan hana ɗalibi karatu. Rubuta waƙa hanya ce ta fito da irin wannan damuwa cikin mutunci.

Taƙaitaccen tarihi

Bayyana abin da ke zuciya tsohon abu ne a rubutacciyar waƙa. Nana Asma'u (1793–1864), 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta tsara marsiyyoyi, wato waƙoƙin juyayin rasuwa, inda ta bayyana baƙin cikinta na rabuwa da 'yan'uwa da aminai, ciki har da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1837. Fulatanci ne harshen gidansu, amma ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. A ƙarni na 20 kuma an yi Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, amma rashin gani bai hana shi tsara waƙoƙin Imfiraji ba, waɗanda har yau ake rerawa a ƙasar Hausa.

Wannan tarihi ya shafe ku. A Lafiya, wadda ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, aji ɗaya yakan haɗa masu jin Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Mada da Tibi da Fulatanci. Da yawa daga cikinku a kasuwa da makaranta kuka koyi Hausa. Kada wannan ya sa ku ɗauka cewa waƙar Hausa ta fi ƙarfinku. Waƙar da ke biye an tsara ta ne musamman domin wannan darasi, da kalmomin da kuke ji yau da kullum. Mai magana a cikinta yaro ne ɗan sakandare da ke zaune a unguwar Bukan Sidi.

Irin Doya

1. Da sunanka Allah nake fara zance,
Ka saurari kukan da ke zuciya.

2. Dare ya yi nisa, gari ya yi barci,
Idona kawai ke jiran safiya.

3. Cikin jarrabawa ƙafata ta zame,
Na koma kamar wanda ke rijiya.

4. Gaban 'yan'uwana ina nuna murna,
Hawaye na ɓoye cikin dariya.

5. A titin Bukan Sidi kunya nake ji,
Kamar ni kaɗai ne ragon duniya.

6. Da hantsi mahaifi yana yanka doya,
Ya ce: Zo ka duba, ka san gaskiya.

7. Iri sai a yanka, a binne a kunya,
Ya jure duhu babu ko walƙiya.

8. Idan damina ta shigo zai yi toho,
Ya samo madafa, ya hau lafiya.

9. Ashe ni da doya a kunya muke yau,
Dabarar fitowa kawai juriya.

10. Na ɗauko jakata, na koma karatu,
Ga Allah Ta'ala nake godiya.

Ma'anar wasu kalmomi

Zame: ƙafa ta sulluɓe, mutum ya faɗi ko ya kusa faɗuwa.
Rago: mai kasala, wanda ba ya ƙoƙari. Wasalin farko gajere ne. Idan aka ja shi, kalmar ta koma sunan dabbar da ake yankawa ranar suna ko layya.
Hantsi: lokacin da rana ta ɗaga, tsakanin safiya da tsakar rana.
Iri: abin da ake shukawa.
Kunya: (a) nauyin da mutum yake ji a gaban jama'a, (b) ƙasar da manomi ya tara domin ya yi shuka a kanta.
Toho: sabon ganye da ke fitowa daga shuka.
Madafa: abin da ake dafawa ko a jingina da shi.
Juriya: daurewa a kan wahala ba tare da an fasa abin da aka sa gaba ba.

Jigo da warwararsa

Jigon waƙar shi ne juriya bayan faɗuwa. Ana iya kasa ta gida uku.

Kashi na farko, daga baiti na 2 zuwa na 5, bayanin ciwo ne. Yaron ya faɗi jarrabawa, barci ya ƙaurace masa, yana dariya a gaban 'yan'uwansa alhali ransa a ɓace yake, kuma ko fita unguwa ya zame masa aiki. Ku lura cewa har zuwa nan babu wanda ya ba shi haƙuri. An bar shi ya faɗi abin da yake ji yadda yake jin sa.

Kashi na biyu, daga baiti na 6 zuwa na 8, shi ne inda waƙar ta juya. Mahaifin bai yi masa faɗa ba, bai ma ambaci jarrabawa ba. Aikin da ke hannunsa ya nuna masa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Lafiya, inda noman doya ya shahara, ya san yadda abin yake. Akan yanka doya gunduwa-gunduwa, a binne kowace a cikin kunya, a rufe kan kunyar da ciyawa ko ganye saboda zafin rana. Irin yakan ɗauki makonni a ƙasa ba a ga alamarsa ba. Idan ya tsiro, manomi yakan kafa masa sanda domin ya hau ya sami hasken rana, kuma sai bayan watanni ake haƙar sabuwar doya.

Kashi na uku, baiti na 9 da na 10, shi ne abin da yaron ya fahimta da kuma matakin da ya ɗauka. Ba a ce ya ci jarrabawa ta gaba ba, domin bai riga ya rubuta ta ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya ɗauki jaka ya koma aji, kuma shi ya yi.

Wannan jeri shi ne babban darasinmu. Waƙar ƙarfafa zuciya takan yi tasiri ne idan ta fara amincewa da ciwon kafin ta kawo magani. Da marubucin ya buɗe da cewa bayan wuya sai daɗi, da ɗalibin da ya kwana yana kuka ya ce a ransa, “Wannan bai san abin da nake ji ba.” Amma da yake ya ga halin da yake ciki a baitocin farko, zai yarda ya bi waƙar har ƙarshe.

Zubi da tsari

Waƙar tana da baiti goma, kowane baiti yana da ɗango biyu, saboda haka 'yar ƙwar biyu ce. Babban amsa-amonta shi ne “ya”, wanda ya zo a ƙarshen kowane baiti: zuciya, safiya, rijiya, dariya, har zuwa godiya. An buɗe ta da sunan Allah, an kuma rufe da gode masa, kamar yadda marubuta waƙoƙin Hausa suka saba.

Ɗangon farko na kowane baiti yana da gaɓa 12, na biyu yana da 11. Ga misali daga baiti na 2:

Da-re-ya / yi-ni-sa / ga-ri-ya / yi-bar-ci
I-do-na / ka-wai-ke / ji-ran-sa / fi-ya

A kowane rukuni gaɓar farko marar nauyi ce, biyun da ke bin ta masu nauyi ne. Gaɓa mai nauyi ita ce wadda take da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko ta ƙare da baƙi. Wannan kari shi ake kira Mutaƙarab, yana kuma cikin karuruwan da Hausa ta aro daga waƙar Larabci. Tun da rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, rera waƙa da murya hanya ce mai kyau ga mai koyon Hausa ya gane inda ake jan wasali da inda ba a ja.

Salo da sarrafa harshe

Kamantawa: a baiti na 3 yaron ya ce ya koma kamar wanda ke rijiya. Wanda ya faɗa rijiya yana jin muryoyin mutane a sama, amma shi yana ƙasa shi kaɗai. Kalmar “kamar” ita ce ke nuna kamantawa.

Siffantawa: “ƙafata ta zame” ba ya nufin santsi na zahiri. An siffanta faɗuwa a jarrabawa da zamewar ƙafa, wadda kan sami kowa, kuma akan tashi bayanta.

Mutuntarwa: a baiti na 7 an ce iri ya jure duhu. Juriya halin mutum ne, amma an ba wa doya shi.

Alamtarwa: irin doya yana wakiltar matashi, duhun ƙasa yana wakiltar lokacin damuwa, madafa kuwa tana wakiltar mutumin da zai tallafa masa.

Wasa da kalma: “kunya” ta zo sau uku. A baiti na 5 tana nufin abin da yaron yake ji, a baiti na 7 tana nufin ta gona, a baiti na 9 kuwa ta ɗauki ma'anonin biyu a lokaci guda. A nan ne yaron ya gane cewa wurin da ya ɗauka kabarinsa ne, wurin tsiro ne.

Ku lura kuma cewa kalmar “baƙin ciki” ba ta fito ko sau ɗaya ba, amma mai karatu ya ji shi. An nuna shi ne ta ido da ya ƙi rufuwa da hawayen da aka ɓoye. Abin da ake iya gani ko taɓawa ya fi saurin shiga zuciya.

Yadda za ku tsara taku

1. Ku zaɓi abu guda da ya taɓa faruwa da ku, kamar ranar da aka yi muku dariya don kun yi kuskuren Hausa, ko ranar da aka kore ku saboda kuɗin makaranta, ko ranar da amini ya juya muku baya.
2. Ku rubuta abin da jikinku ya yi a lokacin: ko hannu ya yi rawa, ko abinci ya ƙi ciwuwa.
3. Ku nemo wani abu a gida ko gona ko kasuwa da ya yi kama da halin da kuka shiga. Abin da kuka sani da idonku ya fi wanda kuka ji a bakin wani.
4. Ku tara kalmomi shida ko fiye masu ƙarewa da gaɓa iri ɗaya kafin ku fara, domin amsa-amo.
5. Ku rufe da matakin da za ku iya ɗauka gobe da safe.
6. Ku rera abin da kuka rubuta. Inda harshe ya yi tuntuɓe, nan ne kari ya karye.

Idan wani tunani ya fara zo muku da harshenku na gida, ku rubuta shi haka nan, daga baya ku nemi yadda Bahaushe zai faɗe shi.

Abin lura

Doya ba ta hawa sai da sanda. Idan damuwa ta daɗe har ta hana ku ci ko barci ko zuwa makaranta, kada ku tsaya ga takarda kaɗai. Ku gaya wa iyaye, ko malamin da kuka amince da shi, ko malamin ba da shawara na makarantarku. Neman taimako ba ragwanci ba ne.

Auna fahimta

1. Mene ne jigon waƙar “Irin Doya”? Kawo baiti biyu da ke tabbatar da amsarka.
2. Me ya sa ake kiran wannan waƙa 'yar ƙwar biyu?
3. Rarraba baiti na 8 gaɓa-gaɓa, ka nuna masu nauyi da marasa nauyi.
4. Bayyana ma'anoni biyu na “kunya”, ka sa kowace a cikin jimla.
5. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Shin baiti na 4 ya yarda da wannan karin magana? Kawo dalili.
6. A ganinka, me ya sa mahaifin bai ambaci jarrabawa ba?
7. Da waɗanne harsuna Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta?

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar. Kowa ya kawo karin magana ɗaya daga harshensa na gida a kan haƙuri ko juriya, ya bayyana ma'anarsa da Hausa, sa'an nan rukunin ya nemo karin maganar Hausa da ya yi kusa da shi.

Aikin gida

Tsara waƙa 'yar ƙwar biyu mai baiti biyar a kan wani abu da ya taɓa damun ka da yadda ka fuskance shi. Ba dole ne ka ambaci sunan kowa ba. Wanda yake so zai rera tasa a gaban aji, wanda ba ya so kuwa ya miƙa wa malami a rufe.