Daidaita Haske da Abinci Wajen Shawo Kan Gansakuka a Tankin Kifin Ado

Gansakuka kan mamaye tankin gilashin da ake kiwon kifin ado a gida idan haske mai ƙarfi ya haɗu da yalwar sinadaran naitiret da fosfet. Sinadaran nan suna samuwa ne daga kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe. Baya ga dusashe gilashi, gansakuka takan lulluɓe ganyen tsirran ruwa ta tare musu haske, da dare kuma ta yi tarayya da kifi wajen shaƙar iskar oksijin.

Kankare gilashi sauƙi ne na ɗan lokaci, domin tushen matsalar yana nan. Abin da ya dace shi ne a taƙaita kunna fitila zuwa awa 6 zuwa 8 a yini, a kuma nisanta tankin daga hasken taga. A riƙa sauya kimanin rubu'in ruwan kowane mako, a ba kifi iya abincin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3. Dasa tsirrai masu saurin girma ma yana taimakawa, saboda sukan riga gansakuka zuƙe sinadaran. Magungunan da ke ɗauke da jan ƙarfe kuwa suna kashe katantanwa da jatan lande, alhali su ne masu cinye gansakukar.