Yadda Lantarki Ke Tona Asirin Tsagewar da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa ganin magini yana cuɗa ƙasa da busasshiyar ciyawa, to ya san abin da injiniyoyi ke kira haɗaɗɗen abu: abu biyu ne aka gama, suka fi kowannensu ƙarfi. Jirgin sama ƙirar Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, kusan rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne. Galibinsa zaren kabon ne, wanda ya fi gashin kai siranta, ana shimfiɗa shi hawa-hawa a manne da danƙo.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙarfe idan ya bugu yakan lotsa, kowa ya gani. Shi kuwa wannan haɗi, sai guduma ta faɗo wa makanike a kan fiffike, waje ya kasance sumul, alhali a ciki zaruruwa sun tsinke, shimfiɗu sun rabu. Haka jirgi zai tashi da mutane sama da ɗari biyu da ciwo a ɓoye.

Sa'ar da aka yi ita ce, zaren kabon yana ɗaukar wutar lantarki, danƙon kuwa ba ya ɗauka. Saboda haka masu bincike sukan manna wayoyi a gefen abin, su tura 'yar wuta kaɗan, su auna turjiyarsa, wato yadda yake hana wuta wucewa. 'Yan ajin kimiyya, ku tuna dokar Ohm. Idan zare ya tsinke, hanyoyin wuta sun ragu, sai turjiya ta ƙaru. In wayoyin na da yawa, aka auna tsakanin kowane biyu, kwamfuta za ta iya zana taswirar inda ɓarnar take.

Sai dai zafi da sanyi ma suna sauya awon, dole a yi la'akari da su. Har yanzu masu duba jirage sun fi dogara da na'urar sauti irin ta duban ciki a asibiti.

Ku gwada da kanku. Ku zana layi mai kauri da fensir a takarda, domin bakin fensir ma kabon ne. Ku aro mita irin ta masu gyaran rediyo, ku ɗora bakunanta biyu a ƙarshen layin, ku rubuta lambar. Sannan ku goge rabin faɗin layin a tsakiya, ku sake aunawa. Wanda ya gwada ya kawo wa ƙungiyarmu lambobinsa biyu, za mu liƙa su a wannan allo.