Darasi: Fidda Fenti Daga Kwanon Awo Na Ƙarfe Mara Tsatsa

 

Kaka ta yi, kwanon awo ya fito. A Fakku da Kebbe mun ga kwanoni an shafe su da fenti, ja ko kore, wai alama ce kada a yi musanya. Alama a gindin kwano ba laifi. Amma wasu har ciki sunka shafa, shafi bisa shafi. Wanga fenti shina rage cikin kwano, kuma mun san abin da Suratul Muɗaffifina ta ce ga mai tauye awo. Shina kuma ɓarewa cikin gero, ga shi wani fentin akwai dalma a ciki. Ba mu manta 2010 ba, da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Waccan daga dutsen zinari ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Kafin komai a san ƙarfen. Alminiyam da mara tsatsa duk fari ne, sai dai mara tsatsa ya kusa ninka shi uku a nauyi. Kada a dogara ga maganaɗisu, don wani mara tsatsan ma ba ya kama shi.

Asalin wanga ƙarfe daga bindiga ne. A 1913 wani Bature, Harry Brearley, a garin Shafil ta Ingila, shina neman ƙarfen da bututun bindiga ba zai cinye ba, sai ya dace da shi. Sirrin shi kuromiyam ne, fiye da kashi 10 cikin 100. In ya sha iska sai ya yi wata siririyar fata wadda ido ba ya gani, ita ke tare tsatsa. To aikinmu a fidda fenti, fatar ta tsira.

Fenti sabo, tina ta isa, wato ruwan da masu fenti ke sirki da shi. A jiƙa tsumma a lulluɓe kwano, a fili, nesa da wuta da taba. Tsoho mai kauri kuwa, sai sodar masu sabulu. A zuba soda cikin ruwan sanyi, ba ruwa bisa soda ba, a sa safar roba, a kiyaye ido. Kwano ya kwana ciki, da safe a kankare da guntun katako. Amma in alminiyam ne, wallahi soda cinye shi za ta yi.

Soson ƙarfe shi munka fi gargaɗi a kai. Mun goge namu da shi wata shekara, ya yi ƙyalli, damina na zuwa ya fito da jajayen ɗigo. Ɓurɓushin baƙin ƙarfe ne ya maƙale a jiki ya yi tsatsa. Ruwan batir da bilic su ma rami suke yi mai. Wuta kuwa ta ɓata launi, ta lanƙwasa baki, hayaƙin dalma ya shiga ƙirji.

Maharbi mai bindigar irin wanga ƙarfe hanyar tina zai bi, bayan ya tabbata ba albarushi ciki, ya kuma raba ta da ƙotarta.

In an gama a wanke da sabulu sau biyu, a shanya kwana biyu fatar ta komo. Sannan a kai gaban Sarkin Kasuwa a gwada da kwanon da anka yarda da shi, kafin ya taɓa hatsin kowa.