Yadda A Kan Koyi Zane A Kan Ƙarfe

Maƙera iri biyu ne a ƙasar Hausa. Akwai maƙeran baƙi, masu ƙera fartanya da gatari. Akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Su ne ke yin zobba da mundaye, su ƙawata su da zane.

Yaron da aka kai shi koyon wannan sana'a ba ya fara taɓa azurfa. Aikinsa na fari shi ne zuga, da kawo gawayi. Maƙera sun fi son gawayin ƙirya, domin wutarsa tana da zafi, ba ta kuwa saurin cinyewa. Itacen ƙirya yana cikin itatuwan dazuzzukanmu, kamar dajin Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Amma a shekarar 1999 Gwamnati ta mai da wani yanki na dajin nan gandun daji na ƙasa, watau Gandun Kamuku. A nan an hana sarar itace.

Bayan yaro ya daɗe yana kallo, sai maigidansa ya ba shi guntun gwangwani, da ɗan kurfi, da ƙaramar guduma. Ya kan kafe gwangwanin a kan gungume da ƙusa, don kada ya zame. Sa'an nan ya ce masa, "To, ɗana, ja mini layi miƙaƙƙe."

Za ku ce wannan ai ba wuya. Ku dai gwada! In yaro ya miƙar da kurfin tsaye, sai ya huda ƙarfen. In ya kwantar da shi ainun, sai ya sulluɓe, wani lokaci har ya yanke shi a yatsa. Tilas ya karkata shi kaɗan, ya riƙa bugu a hankali, kowane bugu daidai da na baya. Sai layinsa ya miƙe tukuna a ƙyale shi ya gwada da'ira da ɗige-ɗige. Daga nan a ba shi ɓarɓashin jan ƙarfe. Shi jan ƙarfe in ya sha bugu ya kan taurare, sai an mayar da shi wuta ya yi ja kafin ya sake laushi.

Me ya sa a kan sha wannan wahala duka? Ku da kuke makaranta, in kun yi kuskure a allo sai ku goge. Ƙarfe kuwa ba ya goguwa. In kurfi ya kauce a kan munduwar amarya, sai dai a goge wurin da magagari, azurfa ta ragu, ko a narke ta a sake. Maigida ne zai biya hasarar, mai kaya kuma ba lalle ta komo ba. Gwangwani kuwa, ko yaro ya ɓata goma a yini, gobe ya tsinto waɗansu a bayan kasuwa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin maƙeran baƙi da maƙeran fari?
2. Don me ba a fara ba yaro azurfa?
3. Je ka maƙerar garinku, ka tambayi sunayen kayan aiki biyar, ka rubuto su.