Darasi Ga 'Yan Kwaya: Muryar Namiji, Teno Ce Ko Baritun?

A wuraren da Kiristoci ba su da yawa, kamar Zango da sauran garuruwan ƙasar Daura, ba kasafai kwaya take samun maza fiye da 'yan ƙalilan ba. Saboda haka duk saurayin da ya shigo, sai shugaban kwaya ya dubi layin da yake da giɓi ya tura shi can, kuma galibi layin teno ne. Bayan wata uku sai a ji muryarsa ta dushe, daga nan ya daina zuwa, a ce masa malalaci. Sau da yawa laifin na wurin da aka ajiye shi ne.

Mu fara da sunayen. Kalmar teno ta fito daga Latin, ma'anarta riƙewa, domin a waƙoƙin Ikilisiya na dā wannan murya ce take riƙe asalin karin waƙa, sauran muryoyi suna kewaya ta. Baritun kuwa daga Helenanci ne, wato sauti mai nauyi. Ita ce muryar da take tsakanin teno da bes, kuma yawancin maza a nan Allah ya ajiye su. Matsalar ita ce littattafan kwaya layi huɗu suke da shi: sofarano, alto, teno da bes. Ba a ware wa baritun nasa ba. Kakanninmu ba su san wannan damuwa ba, gama a waƙar Hausa mawaƙi yakan ɗauko kari inda ya yi wa maƙogwaronsa daɗi, 'yan amshi su bi shi. Haka marigayi Mamman Shata, wanda aka binne a Daura a 1999, ya yi shekaru yana yi da muryarsa mai kauri, ba wanda ya tilasta masa hawa inda ba ta kaiwa.

To, yaya za a gane? A zauna gaban kibod, a nemi Do na tsakiya. A kwaya, teno yakan fara daga Do na ƙasa da wannan, ya hau har La na samansa. Baritun yakan sauka har So ko La da suke ƙasa da inda teno ya fara, ya tsaya wajen Fa na saman Do na tsakiya. Kun ga ke nan mafi yawan filin nasu na tarayya ne, kamar gonaki biyu da kan iyakarsu ta shige juna. Shi ya sa tambayar mutum iyakar inda zai iya kaiwa ba ta raba gardama. Baritun mai ƙarfin hali zai taɓa La sau ɗaya idan ya ɗaga haɓa, jijiyoyin wuya suka fito. Amma Misa ta fi awa guda, balle daren Ista.

Abin da za a saurara shi ne inda muryar take zama ta huta. A ba shi waƙar da ya sani sarai, ya rera baiti uku, sa'an nan a ɗaga ta hawa biyu ko uku ya sake. Teno idan an ɗaga, muryarsa takan ƙara haske, idan an sauke sosai ta zama iska kawai. Baritun akasin haka ne: a ƙasa da tsakiya take cika, a sama kuwa baitin farko ya fita lafiya, na uku sai ka ji ya fara zamewa ƙasa da kari. Wannan gajiya ta baiti na uku ta fi kowace shaida a ganina.

Shaida ta biyu ita ce mahaɗa, wurin da murya take barin ƙirji ta koma kai. Ya hau a hankali da wasalin "a", ba da ƙarfi ba. Za a ji wani wuri da sautin yake so ya karye ko ya sirance. Ga baritun yakan zo wajen Mi na saman Do na tsakiya, ga teno kuwa wajen Fa zuwa So. Tazarar kaɗan ce, amma ba ta cika yin ƙarya ba. Muryar magana tana iya ba da alama, sai dai kada a dogara da ita, haka kuma girman jiki.

Kada a yi gwajin da sassafe, lokacin da kowace murya take ƙasa da matsayinta, ko a tsakiyar hunturu, sa'ad da ƙurar da take busowa daga iyakar Nijar ta busar da maƙogwaro. Yaron da muryarsa ta buɗe bara ko bana, a bar shi ba suna tukuna, domin za ta yi shekaru tana neman wurin zama.

Kuma kada wanda aka canza masa layi ya ji kunya. Mawaƙin Italiya Carlo Bergonzi ya fara sana'a a matsayin baritun a 1948, ya koma teno a 1951. Plácido Domingo ya je gwaji a Meziko a 1959 yana ɗaukar kansa baritun, aka ce masa teno ne, sa'an nan a 2009 ya koma rera na baritun. Idan masana suna sake duba hukuncinsu haka, shugaban kwaya ya rubuta nasa da fensir, ya sake gwaji bayan wata shida.

Wanda ya tabbata baritun ne, wurinsa layin bes, inda zai ɗauki sautin sama idan layin ya rabu biyu. In teno ya rage mutum ɗaya, a ba shi mace mai muryar alto ta ƙasa ta taimaka, ko a sauke waƙar hawa ɗaya. Jama'ar da suke kan benci ma za su fi samun bin ta.