Darasi: Ƙwayar Tushe da Ginin Jikin Ɗan Adam

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin kowa da komai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda da Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass.

Bayan haka, manomin shinkafa a fadamun Gaya, bakin kogin Kwara, ya san cewa saiwa da kara da ganye da zangarniya duk daga ƙwaya ɗaya suke fitowa. Haka farkon ɗan Adam yake. Suratul Mu'minun, aya ta 12 zuwa ta 14, ta jero matakan halittarsa tun daga ɗigon maniyyi har zuwa ƙashi da naman da ke lulluɓe shi. Tuntuntuni a kan waɗannan matakai ibada ne ga muridi, domin mai lura da sana'a shi ke girmama Mai sana'ar.

Masana ilimin halitta sun bayyana cewa idan maniyyi ya haɗu da ƙwan mace, ƙwayar halitta guda ce ke samuwa. Sai ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Wajen kwana na 5 sun zama ƙwallo mai rami a ciki, kuma a gefe guda na ramin akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin tushe. Siffofinsu biyu ne: suna haifar irinsu, kuma suna iya rikiɗa su zama kowane irin nama na jiki.

A mako na uku sukan shimfiɗu hawa uku. Daga na waje ake samun fata da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ji. Daga na tsakiya ake samun ƙashi da tsoka da jini da zuciya da ƙoda. Na ciki kuwa shi ke ba da hanta da shimfiɗar cikin hanji da huhu. Wajen kwana na 22 zuciya kan fara bugawa, alhali uwa sau da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba.

Abin lura shi ne, ƙwayar ido da ta hanta saƙon gado iri ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su shi ne sashen saƙon da aka buɗe wa kowace, kuma sinadaran da maƙwabtanta ke aiko mata suna cikin abin da ke buɗe shi. Wannan misali ne ga mai suluki: abokan zama suna da hannu a kan abin da zuciya za ta zama. Shi ya sa shehunai suka matsa a kan wazifa cikin jam'i da zikirin Juma'a, kuma shi ya sa 'yan'uwa ke ɗaukar hanya daga Gaya da Malanbil da Kamba zuwa Mauludin Kiyota.

A shekarar 2006, Shinya Yamanaka na ƙasar Japan ya nuna cewa ana iya maido da ƙwayar da ta riga ta balaga zuwa halin ƙwayar tushe, aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Idan haka ta yiwu ga nama, kada wanda ya daɗe cikin gafala ya yanke ƙauna daga tuba.

Ilimin nan yana ɗora wa magidanta nauyi biyu. Na farko, bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yakan rufe wajen kwana na 28. Ƙarancin sinadarin folik asid a jikin uwa kan sa ya kasa rufewa, a haifi yaro da ɓaraka a gadon baya. Maganin ya fi amfani idan an fara sha tun kafin ɗaukar ciki. Don haka wajibi ne miji ya bar iyalinsa su nemi shawarar likita, su kuma je awo da wuri.

Na biyu, ƙwayoyin tushe na ɓargo suna ƙera jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace ta rayu kusan kwana 120. A jikin mai sikila kuwa, kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi. Dashen ɓargo yana iya warkar da cutar, kuma an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Gwajin jini kafin aure ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ya kamata muƙaddamai su riƙa tunatar da iyaye wannan tun kafin a kai goro, domin riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Allah Ya raya zuri'ar 'yan'uwa cikin lafiya da imani, Ya ba marasa lafiya sauƙi, albarkar Annabi (SAW). Amin.